Sauya Manhajar Koyon Likitanci: Abin Da Ke Cin Ran Malamai Daga Kanada Zuwa Kano

Ranar sadakar bakwai ta kakarmu, bayan la'asar mutane sun watse, muka rage mu uku a gindin dalbejiyar tsakar gida: ni, da ƙanwata da ke aji huɗu a karatun likita, da kawunmu wanda ya haura shekara 20 yana koyar da ɗaliban likitanci. Garinmu yana gabas da Birnin Kudu, ni kuma ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin garin, irin wanda likita ke leƙowa ranar kasuwa kawai.

Ƙanwata ce ta tayar da zancen. Ta ce, "Kawu, ana ta cewa za a rage laccoci, a riƙa raba ɗalibai rukuni-rukuni suna tattauna larurar mara lafiya tun daga aji biyu. Kuna goyon baya kuwa?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ina cikin waɗanda suka sa hannu a takardar, 'yata. Amma fara ƙirga min malaman da suka rage a sashenmu tukuna."

Amsar nan ta tsaya min a rai, kuma da na bi diddigin maganar sai na tarar ba ta Kawu ba ce shi kaɗai. Daga Kanada har Indiya, malamin likitanci yakan yarda cewa tsohon tsari yana da lahani, ya amince a gyara, amma da gyaran ya iso ƙofar ajinsa sai ka ga jikinsa ya yi sanyi. Masu tsara manufofi kan kira wannan taurin kai. Ni ban ɗauke shi haka ba. Kuma maganar ta shafe mu a karkara ƙwarai, domin likitan bautar ƙasa da za a turo mana nan da shekara bakwai ko takwas, yanzu ake yanke irin karatun da zai yi.

Tsarin da ake son taɓawa tsoho ne. A 1910 wani malamin makaranta Ba'amurke, Abraham Flexner, wanda shi ba likita ba ne, ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada bisa ɗaukar nauyin Gidauniyar Carnegie. Ya tarar da yawa daga cikinsu kasuwanci ne kawai: babu ɗakin gwaji na kirki, babu asibitin koyarwa, ka biya kuɗi ka saurari lacca ka karɓi takarda. Ya ba da shawarar a bi sawun Jami'ar Johns Hopkins, wato shekara biyu ana karatun kimiyyar jiki, sannan shekara biyu a bakin gadon mara lafiya. Makarantu da dama suka rufe, har da biyar daga cikin bakwai na baƙar fata. Namu tsarin ta Landan ya biyo, domin kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 digirin Jami'ar Landan take bayarwa, amma ƙashin bayan iri ɗaya ne. Ɗalibi zai fara da anatomi, wato ilimin sassan jiki, da fisiyoloji, wato yadda jiki ke aiki, da bayokemistiri, wato ilimin sinadaran jiki, ya tsallake babbar jarrabawar da ke tankaɗe mutane, sannan a ba shi farar riga ya shiga asibiti. Kowane sashe da sa'o'insa, da farfesansa, da jarrabawarsa.

Lahanin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ya haddace jijiyoyin hannu a aji biyu, ya juye su a takardar jarrabawa, kafin ya ga karyayyen hannu a aji biyar rabi ya zube. Ga shi kuma duk horonsa a babban asibitin koyarwa ne, inda ake tara cututtuka masu wuyar sha'ani da na'urori, alhali abin da zai tarar a wurinmu shi ne zazzaɓin cizon sauro a ƙarshen damina, da tamowa, da jijjigar masu ciki, da zubar jini bayan haihuwa, da saran maciji lokacin girbi.

Jami'ar McMaster da ke Kanada na cikin waɗanda suka fara karya tsarin, a 1969, da ɗalibai 20 kacal. Maimakon lacca, sai a zaunar da ɗalibai 'yan kaɗan, a miƙa musu labarin mara lafiya: mace ce mai ciki wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, kanta na sarawa. Su za su tattauna, su gano abin da ba su sani ba, su watse su nemo, su dawo bayan kwana biyu ko uku su baje abin da suka samo. Malami yana zaune tare da su, amma aikinsa ya yi tambaya ya mayar da su kan hanya, ba ya zuba musu amsa ba. Ana kiran wannan koyo ta hanyar matsala, ko PBL a taƙaicen Turanci. Makarantar likitanci ta Maastricht da ke ƙasar Holan ta ɗauka a 1974 da ɗalibai 50. Kafin a shiga shekarun 1980 sosai, Jami'ar Gezira da ke Wad Madani a Sudan da Jami'ar Suez Canal da ke Isma'iliyya a Masar sun bi sahu, suka kuma ƙara da tura ɗalibai cikin al'umma tun daga farkon karatu.

Akwai abu guda da ya haɗa waɗannan makarantun likitanci huɗu, wanda masu yabon su kan tsallake: dukkansu sababbi ne a lokacin. Malamin da ya je Maastricht ko Gezira ya je ne ya san abin da zai tarar, da yawa ma abin ne ya ja su. Ba a ƙwace wa kowa komai ba, domin babu wanda ya riga ya mallaki komai.

A tsohuwar makaranta kuwa labarin daban ne. Sabon tsari yana cewa a daina koyar da anatomi shi kaɗai, fisiyoloji shi kaɗai. A ɗauki zuciya, alal misali, a yi makonni a kanta, mai anatomi ya zo, mai ilimin magunguna ya zo, likitan zuciya ya zo. A kunne abin ya yi daɗi. Amma ma'anarsa ita ce jadawali ya bar hannun shugaban sashe ya koma hannun kwamiti, kuma a jami'a yawan sa'o'in sashe da shi ake kafa hujjar neman guraben ma'aikata da kason kuɗi, da shi ake jin muryar sashe a majalisar malamai. Ka kwatanta da magada da kowa ya shekara 30 yana noma kasonsa, yau a ce a share iyakoki a koma gandu, wani can zai riƙa faɗin abin da za a shuka. Ko da sun san gandun zai fi albarka, sai an sha artabu. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Samuel Bloom, ya rubuta a 1988 cewa tarihin makarantun likitanci tarihi ne na gyara ba tare da sauyi ba, kuma dalilin da ya kawo shi ne makarantun sun fi fifita bincike a kan koyarwa. Har gobe haka abin yake, a can da nan: ƙarin girma yana bin yawan takardun da malami ya wallafa, ba yawan sa'o'in da ya ɓata yana rubuta labarin mara lafiya don rukunin ɗalibai takwas ba.

Birtaniya ta nuna yadda abin ke kasancewa idan umarni ya zo daga sama. A 1993 hukumar da ke kula da likitocin ƙasar, GMC, ta fitar da ƙa'idojin da suka ce an cika wa ɗalibai kai da hadda, a rage, a tsaya kan abin da ya zama dole, a ƙara koyar da yadda ake magana da mara lafiya. Makarantun likitanci na Manchester da Liverpool suka rungumi PBL a tsakiyar shekarun 1990. Makarantar Peninsula da aka buɗe a 2002 ta ma fara koyar da anatomi ba tare da feɗe gawa ba. Likitocin tiyata da malaman anatomi suka yi ta ƙorafi cewa sababbin likitoci ba su san jiki kamar na da ba, kuma bayan kusan shekara 20 Liverpool ta ja da baya daga tsarin, ta dawo da koyarwa kai tsaye mai yawa. Jamusawa sun bi a hankali: asibitin koyarwa na Charité da ke Berlin ya buɗe sabon tsari a 1999 ga ɗalibai kaɗan, aka bar sauran a kan tsohon, sai a 2010 aka haɗe su. Wannan ya ba malamai shekaru suna kallo da idonsu kafin a ce kowa ya shiga.

Bayan rikicin sa'o'i akwai wani ciwon da ya fi zurfi, wanda malamai ba su cika furta shi a taro ba. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman ilimi, ya zama wanda idan ya tsaya gaban allo ɗalibai 200 ke yin tsit. Yanzu a ce masa ya zauna a gefe ya kame bakinsa, yana jin yara suna lalube a kan abin da zai warware musu cikin minti biyar. Wani lokacin ma a ba masanin ƙwayoyin cuta rukunin da ke tattauna karaya. Kawu ya ce ranar farko da aka gwada shi a irin wannan zama, ji ya yi kamar an ɗaure masa hannu. Idan kuma irin wannan malami ya ce a nuna masa hujja, tambayarsa tana kan hanya. Bitar bincike da aka yi ta yi tun shekarun 1990 ba ta nuna cewa ɗaliban PBL sun fi sauran sani a jarrabawa ba. Inda suka fi nuna fifiko shi ne iya magana da mara lafiya, da aiki tare da wasu, da ci gaba da neman ilimi bayan an gama makaranta. A ganina waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Na ga matar da ta daina zuwa awo saboda yadda aka yi mata magana, ba don an kuskure mata magani ba. Amma wanda zai nemi malami ya sauya aikin rayuwarsa, ya kamata ya gaya masa gaskiyar abin da za a samu da wanda ba za a samu ba.

Wasu masana suna danganta bambancin ƙasashe da al'ada. Wani bincike da masu nazari daga Maastricht, Jippes da Majoor, suka wallafa a 2008 kan makarantun Turai ya nuna cewa ƙasashen da tazara tsakanin babba da ƙarami ta fi faɗi, kuma mutane ba sa son abin da ba shi da tabbas, sun fi jinkirin karɓar haɗaɗɗiyar manhaja, wato mai haɗe darussan sassa wuri guda. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Yaron da aka tarbiyyantar kan cewa ba a musu da malami, balle yarinyar da kunya ke hana ta ɗaga murya gaban maza, ba za su buɗe baki rana ɗaya don an jera kujeru a da'ira ba. Sai dai ban yarda a jingina komai da al'ada ba. Sudan da Masar ba su fi mu ƙarancin girmama malami ba, kuma sun yi. Sannan duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa ɗalibi ne ke jan baƙi, malam yana saurare yana gyara, kowa da littafinsa da inda ya tsaya, na gefe suna ƙaruwa da karatun ɗan'uwansu. Wannan ya fi kusa da ƙaramin rukuni fiye da zauren lacca mai lasifika. Abin da zaure yake da shi wanda jami'armu ta rasa shi ne malami yana da lokacin kowane ɗalibi.

Nan ne Indiya ta zama madubinmu. A 2019 hukumar likitocin ƙasar ta wajabta wa dukkan kwalejoji sabuwar manhaja mai auna ƙwarewa, wato ba a tambayar wata nawa ɗalibi ya yi a sashe, ana tambayar me ya iya yi da hannunsa. An jera ƙwarewa kusan 3,000, an sa wata guda na share fage, da shiga asibiti tun shekarar farko, da darasin ɗabi'a da iya magana. Da aka riƙa jin ra'ayin malamai a kwalejoji daban-daban, amsar da ta yi ta maimaituwa ita ce manufar ta yi, amma malamai ba su isa ba, horon da aka ba su bai wadatar ba, kuma cike littattafan shaidar ƙwarewa ya cinye lokacin koyarwa. Kwalejin da ke ɗaukar ɗalibai 150 ko 250 a shekara, ina za ta samo masu zama da ƙananan rukunoni? Ko Kanada mai arziki, da ta shigo da irin wannan awo a horon ƙwararrun likitoci daga 2017, kukan da ya fi tashi shi ne na yawan fom.

Lissafin ba ya buƙatar masani. Aji mai ɗalibai 200, malami ɗaya da zaure ɗaya sun ishe shi lacca. Ka raba su takwas-takwas, kana buƙatar malamai 25 da ɗakuna 25, sau biyu a mako, ga laburare da intanet da wutar da ɗalibi zai yi binciken da aka ce ya yi da kansa. Mun san wannan a gona. Irin shinkafar da ya yi abin mamaki a gonar gwaji, idan ka kai shi fadamar da babu taki kuma ruwa ba ya zuwa kan kari, wanda ya riƙe tsohon irinsa sai ya fi ka cika rumbu.

To a irin wane yanayi gyaran ke sauka a Najeriya? Ibadan ta sabunta manhajarta a 2010 zuwa haɗaɗɗiya mai auna ƙwarewa. A Disamban 2022 hukumar jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar da sabon ma'aunin manhaja da ake kira CCMAS, inda kashi 70 cikin 100 ke zuwa daga hukumar, jami'a ta cike 30. Ƙungiyar ASUU ta yi watsi da shi, tana cewa an shiga hurumin majalisun jami'o'i. Makarantar likitanci kuma iyayen gida biyu gare ta, NUC da hukumar likitoci ta MDCN, kowace da sharuɗɗanta. A daidai wannan lokaci gwamnatin tarayya ta sanar da ninka gurbin ɗaliban likitanci daga 5,000 zuwa 10,000, kuma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Cikin masu tafiyar akwai waɗanda su ne za su gaji irin su Kawu. Waɗanda suka tsaya kuma suna fama da tsohuwar taƙaddama: likitan da ke koyarwa a jami'a yana ganin tsarin albashinsa bai kai na takwaransa na asibiti ba, ga jayayyar ko takardar ƙwarewarsa ta isa wajen neman muƙami a jami'a ko sai ya haɗa da digirin digirgir, batutuwan da ƙungiyar manyan likitoci ta MDCAN ta shiga yajin aiki a kansu. Mutumin da zai yi zagayen marasa lafiya da safe, ya zauna kilinik har azahar, ya shiga tiyata, a kira shi da tsakar dare, shi ake cewa ya ƙara da zaman rukuni da cike fom. Gurbin ɗalibai ya ninka, malamai sun ragu, sabuwar manhaja kuma ta fi tsohuwar cin malamai. Idan ya ja ƙafa, ban ga laifinsa ba.

Duk da haka ba na tare da masu cewa a bar komai yadda yake, kuma dalilina yana cikin asibitinmu. Ɓangaren gyaran da ya fi amfanar mu shi ne fitar da ɗalibi daga babban asibiti zuwa cikin jama'a, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ibadan ta fara shirin Ibarapa a Igbo-Ora tun 1963. Ilorin ta gina karatunta kan shirin COBES, inda ɗalibai ke tarewa a ƙauyuka na makonni tun suna ƙananan azuzuwa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da cibiyar lafiya a Kumbotso da ake horar da ɗalibai kan lafiyar al'umma. Jigawa yanzu tana da kwalejin likitanci a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga asibitin Jahun inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aikin haihuwa da yoyon fitsari tun 2008. Wuraren koyo ba su yi ƙaranci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta faɗa a shawarwarinta na 2010 cewa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara da horar da su a karkara yana ƙara yiwuwar su zauna su yi aiki a can.

Amma na ga zuwan ɗalibai iri biyu. Akwai shekarar da mota ta sauke su, wanda ya rako su ya juya kafin azahar. Suka yi kwanakinsu suna bin gidaje da takardar tambayoyi, suna ƙirga masai da gidan sauro, suka tafi, ba mu sake jin ɗuriyar abin da suka rubuta ba. Akwai kuma shekarar da wata malama ta tare da su. Da aka kawo yaro mai tamowa, ba ta bari an tsaya kan awon dantse ba. Ta sa suka tambayi uwar yaushe aka yaye shi, me ya rage a rumbu a watan Agusta, wa ke da ikon cewa a kai yaro asibiti, nawa ne kuɗin babur zuwa Birnin Kudu. Da dare ta zaunar da su a barandar asibiti da fitila, ta ɗaure abin da suka gani da fisiyolojin da suka karanta a aji biyu. Ni da nake gefe na ƙaru. A takarda zuwan biyu sunansu ɗaya, makonninsu ɗaya. Na tambaye ta, "Ranki ya daɗe, me ya sa ba kullum ake yin haka ba?" Ta ce kafin ta taho sai da ta roƙi wata abokiyar aikinta ta riƙe mata kilinik, kuma man motar daga aljihunta ya fito.

Shi ya sa idan za a tambaye ni, zan ce kada a kwafo Maastricht dungurungum a aji mai ɗalibai 200. A bar lacca inda lacca ta wadatar, a kashe ɗan ƙarfin malaman da ake da shi a bakin gado da cikin ƙauye, a sa manyan likitocin asibitocin jiha cikin masu koyarwa a biya su, kuma sa'o'in da malami ya yi yana koyarwa su shiga lissafin ƙarin girmansa. A kuma zauna da masu anatomi da fisiyoloji tun kafin a zana jadawali, ba a kira su taron bita na kwana uku bayan an gama yanke komai ba.

Kawu bai kwana ba a ranar, domin washegari Litinin yana da zagaye da ƙarfe takwas da lacca da ƙarfe goma sha biyu. Muna raka shi mota ƙanwata ta sake tambaya ko ajinsu zai fita ƙauye bana. Ya ce kwamiti zai zauna kan ƙara makonnin fitar daga huɗu zuwa takwas, kuma zai ɗaga hannu ya goyi baya, da sharaɗin a rubuta a takardar sunan malamin da zai kwana da su, da wanda zai riƙe masa marasa lafiyarsa, da inda kuɗin mai zai fito. Na ce masa idan an amince, ɗakuna biyu na bayan asibitinmu babu kowa a ciki, rufin ɗaya ne kawai ke yoyo, kuma zan yi wa dagaci magana a gyara shi kafin ruwa ya sauka.